Lissafin waɗanda suka zo

Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta 2024 aka yi ruwan da mutanen Maraɗi ba za su manta da shi ba. Cikin abin da bai kai awa biyu ba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, hanyoyi suka koma gulbi, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, aka yi asarar rayuka da yawa. Tsofaffinmu sun sha ba mu labarin ambaliyar 1945 wadda ta cinye tsohon gari har aka tayar da Maraɗi zuwa bisa tudu, muna jin abin kamar tatsuniya. A ranar nan muka gani da idonmu. Gidana yana cikin waɗanda suka faɗi. Allah ya taimake ni na fid da maiɗakina da yaranmu huɗu kafin ɗakin tsakiya ya rufta. Abin da muka tsira da shi kayan jikinmu ne, da jakar takarduna, da babur.

Wata lakwal ta unguwa aka buɗe wa waɗanda ruwa ya kora. Shekara 20 ina riƙe da alli, ban taɓa zaton zan shimfiɗa tabarma in kwana a cikin aji ba. Mu iyali uku muka raba aji guda, aka rataya zannuwa a tsakani. A bisa allo akwai wani lissafin rabawa da malamin ajin ya bari tun watan Yuni, ba a goge ba. Kwana 11 ina kallon lissafin nan kafin barci ya ɗauke ni. Irinmu da muka cika azuzuwa muna cikin dalilan da suka sa aka ɗage komawa makaranta a 2024, daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata.

Malami ba ya rabuwa da kiran suna. A rana ta uku na ɗauko wani kaye daga jakata, na ja layi a tsakiyar shafi. Ɓangare guda na rubuta waɗanda suka zo, ɗayan kuma waɗanda ba su zo ba. Ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina. Kowane dare sai in ƙara suna nan, in ƙara suna can, zuciyata tana tafasa. Ina ce wa kaina ai dama haka ake faɗi, sai wahala ta zo ake sanin na gaske, to ga ranar ta zo. Labarin wannan kaye nake so in ba ku, domin abin da ya koya mini ya wuce abin da na buɗe shi dominsa.

In fara da ƴan fadarmu. Mu goma ne, shekara 12 muna shan shayi a ƙofar gida ɗaya bayan sallar isha'i, muna gardamar ƙwallo da siyasa da maganar albashi. Da labari ya bazu, wayata ta cika da saƙonni a WhatsApp: Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri, da hoton hannaye biyu na addu'a. Biyu daga cikinsu suka tako da ƙafarsu. Ɗaya ya kawo tabarma da gidan sauro, ɗaya ya damƙa mini jika biyar a ɓoye yana ba ni haƙuri. Sauran bakwai na jera su a ɓangaren hagu. Sai wani ɗan'uwana na jini da ke da gidan haya babu kowa a ciki. Na aika masa, ya ce ba matsala, amma ƙa'idarsa kuɗin wata uku a gaba, kuma ba ya son a ɓata zumunta da maganar bashi. Shi ma na rubuta shi.

Sunan da ya fi ƙona mini rai shi ne na abokina na makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad da ke Damagaram. Ɗaki ɗaya muka zauna, kwano ɗaya muka ci, shi ne babban abokin ango ranar aurena. Aiki ya kai shi Yamai, amma ba ma yin wata biyu ba mu yi magana ba. Wannan karon saƙo guda ya aiko, layi ɗaya, daga nan shiru. Na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Na rubuta sunansa a hagu, na ja masa layi biyu a ƙasa da jan biro, irin yadda nake yi wa yaron da ya yi fashin mako guda.

Wanda ya fara zuwa kuwa, tun kafin in buɗe kaye, ban ma san sunansa ba. Washegarin ruwa da sassafe ina tsaye a kan kufan gidana, sai ga wani saurayi da amalanken jaki da shebur biyu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce: "Mushe, jiya da dare na ji unguwarku ta nutse, ban iya ƙetarowa ba sai yanzu." Fuskarsa ba baƙuwa ba ce. Shekara da shekaru ina gamuwa da shi a hanya ya ɗoro yashi, yana ɗaga mini hannu yana cewa "Mushe, ina wuni," ni kuma ina bisa babur in ce "Yawwa samari" in wuce. Kowane malami yana da irin waɗannan masu gaisuwa da ba ya iya ƙirgawa. Ya ga ina lalube, sai ya yi murmushi ya ce: "Ɗan Inna ne, na gidan da ka sauka a ƙauye."

Sai da na nemi wuri na zauna.

A watan Oktoba 2004 aka tura ni aikina na farko, ina ɗan kwantiragi, wani ƙauye a arewacin Dakoro. Aji biyu ne na zana, ni da darekta. Shekarar ce ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauko ta cinye abin da ya saura a gonaki. Maigari ya sauke ni a wani shago da ke ƙofar gidan wata mata da kowa ke ce wa Inna. Mijinta ya tafi biɗa Najeriya tun da kaka, kamar yawancin mazan garin. Kafin watan Maris 2005 rumbuna sun koma fanko. Tiyar hatsi ta yi tsadar da ba a saba gani ba, dabbobi kuma suka faɗi warwas, har sai ka sayar da akuya biyu ka kasa cika buhu. Mata suna fita daji tun asuba neman ganyen tafasa da jiga da ƴaƴan anza. Wanda ya san anza ya san ɗacinta: sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu. Yara masu tamowa ana ta kai su Maraɗi inda likitocin agaji suka kafa sansani. Duniya ba ta waiwayo mu sosai ba sai cikin damina, har Kofi Annan ya zo Damagaram a watan Agusta. Kafin nan abin da ya faru a ƙauyuka ya riga ya faru.

Ni kuma ɗan abin da ake ba mu ya makara watanni. Ba ni da gona, ba ni da akuya, ba ni da dangi a garin. Amma kowace hantsi, in na taso daga aji, zan tarar da ƴar ƙwarya a rufe da faifai a ƙofar shagona. Fura ce, wata rana tsararo ce ƙwarai, amma ba ta taɓa fashi ba. In na yi godiya sai Inna ta ce daga bayan danga: "Mushe, ai baƙo ba ya kwana da yunwa mai gida yana nan." Ina shekara 24, ban taɓa tambayar kaina daga ina hatsin yake fitowa ba.

Ɗanta yana ajina, CE2, shekararsa 10. Kullum a makare yake zuwa, kuma kafin ƙarfe goma ya kifa kai bisa benci. Na dake shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na taɓa tsayar da shi gaban aji na ce masa jaki, yara suka yi dariya. A takardarsa ta ƙarshen zango na rubuta cewa malalaci ne. Kafin babban hutu ya daina zuwa, aka ce kawunsa ya tafi da shi kudu. Shekara ta gaba aka sauya mini wurin aiki. Na yi wa Inna alkawarin zan riƙa leƙowa. Ban sake taka garin ba.

Wannan yaro ne ya yini yana tonon ƙasa yana fiddo mini tukwane da katifa da kwanon rufi. Shi ya kwashe abin da ya tsira zuwa lakwal, sawu huɗu. Kowace safiya matarsa tana aiko da kunu a bokiti don yara. A rana ta 11 ya zo ya ce ba ya jin daɗin ganin matar malaminsa tana kwana a bayan zane tsakanin baƙi. Ɗaki biyu gare shi a bayan gari, ya kwashe iyalinsa zuwa ɗaya, ya bar mana ɗaya. Wata biyu da rabi muka yi a can. Da ruwa ya ɗauke, shi da abokansa biyu suka buga tubali suka tada mini ɗaki biyu. Da na matsa masa da maganar kuɗi, sai ya ce in biya abokan nasa, shi kuma in sayi dusar jaki.

Wata rana da dare muna zaune a tsakar gidansa, na daure na tambaye shi Inna. Ya ce ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Ban ji ba, domin ban taɓa tambaya ba. Na ce masa: "Ni fa ban yi maka abin da zai sa ka yi mini wannan ba. Dukanka na yi." Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce: "Mushe, ai barcin nan ba lalaci ba ne. Tun kafin asuba muke fita tsinkar anza ni da Inna, daga daji nake wucewa lakwal. Furar da ake aje maka kuwa, daga rabonmu ake ɗiba, kowa ludayi biyu. Mu muka san haka, kai ba ka sani ba." Babu ƙorafi a muryarsa, kamar mai ba da labarin wasan yara. Sannan ya ce tun da ya fara ganina a Maraɗi ya gaya wa Inna, ita kuma ta ce masa: "Wanda ya sha a ƙwaryarka ya zama naka, ka riƙa gaishe shi."

Daren nan ban yi barci ba. Mun saba cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma gaskiya ne. Amma ni a nan ba alherina na girba ba. Su suka ciyar da ni, kuma ciyarwar da suka yi ita ta sa suka ɗauke ni nasu har bayan shekara 19. Ni da na sha furar na manta, su da suka rage cikinsu suka tuna. Tun daga nan na lura da abin a wurare da yawa: uwar da ta yi jinyar yaro ta fi shaƙuwa da shi, maƙwabcin da ya taɓa ɗaukar ka zuwa likita cikin dare shi ne zai sake tambayar jikinka. Mutum yana ƙaunar wanda ya wahala dominsa. In haka ne, duk wanda bai taɓa wahala don kowa ba, kada ya yi mamaki in ya duba zuciyarsa ya ga ba kowa a ciki.

Saura abokina na Yamai. Wata huɗu ban neme shi ba, shi ma bai neme ni ba. A ƙarshen Disamba muka haɗu a Tasawa wajen ta'aziyyar mahaifin wani ɗan ajinmu. Na ga ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Na gaishe shi sama-sama, na koma gefe. Wani da ke kusa da ni ya ce: "Ka yi masa gaisuwar ƴarsa kuwa?" Ashe babbar ƴarsa, wadda ke fama da amosanin jini tun tana ƙarama, ta kwanta tun farkon damina. Ya sayar da babur, ya sayar da filin da ya daɗe yana tattali, yana kwana a barandar likita. Ta rasu cikin Oktoba. Lokacin da nake kiran sa ina jin haushi bai ɗauka ba, yana can yana neman wanda zai ba ta jini.

Na zaro wayata na koma baya a zauren ƴan ajinmu na WhatsApp. Ga saƙonsa nan a watan Yuli: "Ƴan'uwa a sa mu a addu'a, yarinya ba lafiya." A ƙasansa ga amsata: hoton hannaye biyu. Ko kalma ɗaya ban rubuta ba, ban kira ba, ban sake tambaya ba. A lokacin gidana yana tsaye, albashina yana hannuna, ba ni da wani uzuri. Sanarwar rasuwar ma tana nan, ta shige cikin ɗaruruwan saƙonnin da ban buɗe ba sa'ad da nake fama da tubali. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Da shi ma yana da kaye irin nawa, da sunana yana hagu tun kafin in rubuta nasa.

Na je na zauna kusa da shi, na kasa cewa komai sai "Ka yafe mini." Ya kama hannuna ya ce: "Ni ma na ji gidanka ya faɗi, na kasa. Kowa da abin da ya danne shi." Muka yi kuka kamar yara, mutane suna zaton na mamacin gidan ne.

Ba ina cewa duk wanda bai zo ba yana da uzuri ba. Ɗan'uwan nan nawa mai gidan haya ba abin da ya danne shi, ya auna ni da kuɗin wata uku ne, kuma na gane matsayina a wurinsa. Muna gaisawa, ina zuwa sabgarsa saboda zumunta, amma na daina jingina da katangar da na san ba ta da tushe. Ƴan fada kuma na koma muna shan shayi. Na fahimci cewa wasu abokan hira ne, kuma hira ma wani abu ce a rayuwa. Kuskurena ne da na ɗora musu kayan da ban taɓa ɗaukar musu irinsa ba. Biyu daga cikin bakwai ɗin nan ma, daga baya na ji katangunsu sun zube a daren. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wahala tana tona masu ƙaunarmu, wannan ba na musu. Abin da ban sani ba a da shi ne, irin wahalar da muke sha a ƙasar nan ba ta cika zuwa wa mutum ɗaya ba. Yunwar 2005 gari guda ta kama. Rufe iyaka da takunkumin da aka sa mana bayan Yuli 2023, da tsadar shinkafa da magani da ɗaukewar wuta da suka biyo baya, ba gidan da suka tsallake. Ruwan 2024 ya taɓa kowace jiha, har tsohon masallacin Birni a Damagaram ya faɗi. A irin wannan hali, lokacin da kake ƙirga waɗanda ba su zo maka ba, akwai wanda yake can yana jiran ka. Jarrabawar ta kowa ce a rana ɗaya, kuma ni da na zauna a kujerar mai gyaran takarda, tawa takardar ba ta kai rabin maki ba.

Ƴan'uwana malamai, abu guda na sauya a ajina, kuma ina roƙon ku gwada. In yaro ya kifa kai bisa benci, ko ya yi ta makara, kafin in ɗaga murya sai in kira shi gefe in tambaye shi me ya ci da safe, da ƙarfe nawa ya tashi, wa ke gida. Amsoshin da nake samu sun isa su hana mutum barci. Akwai mai tallar ƙosai kafin ta zo, akwai mai ɗebo ruwa sawu biyar, akwai wanda uwarsa ke kwance. Hukuncin da muke yanke wa yaro ɗan shekara 10 da jan biro yakan bi shi har girma, alhali ba mu san ko ludayin furarsa ne a cikinmu ba. Kuma in yaro ya yi kwana uku bai zo ba, ina tura biyu daga cikin ƴan ajin su je gidansu su dubo shi, su dawo su gaya mana. Ina so su saba tun yanzu da cewa in ba a ga mutum ba, zuwa ake yi.

Iyaye kuma, ƴaƴanmu suna kallon yadda muke yi. In maƙwabci ya shiga wani hali suka ga mun aika hoton hannaye mun ci gaba da kallon waya, haka za su yi mana ranar da muka tsufa. In za ku je dubiya ko jaje, ku tafi da yaro ɗaya ya riƙe kwanon. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafa tun tana ƙarama ake koya mata hanya. Ɗan Inna bai gama CE2 ba, amma wannan darasin ya same shi a gida, a shekarar da gidan ba shi da komai.

A hutun Maris na bana na hau mota tare da shi zuwa ƙauyen. Shagon da na zauna ya zama turken awaki, lakwal kuma ta samu aji uku na siminti. Na yi wa dangin Inna ta'aziyyar da ta makara shekara bakwai, aka raka ni kabarinta na yi mata addu'a. Ƙanwarta, tsohuwa ce yanzu, ta dube ni da kyau ta ce: "Mushe mai shan fura ne? Ka yi furfura." Kafin mu taso sai ga ƙwarya an kawo a rufe da faifai.

Kayen yana nan cikin jakata, ban yage shafin ba. Na juya bayansa na fara wani lissafi: mutanen da na daɗe ban tambayi lafiyarsu ba. Sun kai 23. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan je wurin ɗaya, in yana nesa in kira shi da murya. Na kai na 14. Allah ya jiƙan Inna da ƴar abokina da duk waɗanda ruwa ya ci, ya ba mu ikon isa ga ƴan'uwanmu tun kafin su kira.